Garin gyaran gira: Iyakar abin da ɗakin matsin oksijin zai iya yi idan allurar cikon fuska ta ɓaci

Hausawa na cewa garin gyaran gira a rasa ido. A harkar kwalliyar zamani, maganar ta tashi daga misali ta zama bayanin abin da ke aukuwa a zahiri, domin tsakanin gira na cikin wurare mafi haɗari da ake soka allurar cikon fuska, kuma makanta na cikin abin da kan biyo baya idan allurar ta faɗa inda bai kamata ba. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Amma ranar da ya faru, sa'o'i ƙalilan, wani lokaci mintoci, su ke raba wanda zai warke sumul da wanda zai ƙare rayuwarsa da tabo ko da ido ɗaya.

Cikin hanyoyin jinyar da ake ambata a irin wannan hali akwai shaƙar tsantsar iskar oksijin a cikin rufaffen ɗaki mai matsi, wadda likitoci ke taƙaitawa da HBOT. Cibiyoyi masu zaman kansu a ƙasashe da dama na tallata ta kamar ita ce mafita. Littattafan likitanci ba su kai ta can ba. Tana da gurbinta, kuma gurbi ne na mataimaki: tana riƙe ran naman da jini ya yanke wa har a buɗe hanya, ba ta buɗe hanyar da kanta.

Mene ne cikon, kuma ta ina yake ɓaci

Ciko, wanda masu harkar ke kira fila, abu ne mai kauri da yauƙi da ake ɗurawa ƙarƙashin fata don cika kumatu, ƙara kaurin leɓe, ɗaga karan hanci ko shafe tamoji. Wanda ya fi yawa a kasuwa ana yin sa da sinadarin hayaluronik asid, wanda dama jikin ɗan Adam ke da shi a fata da ruwan gaɓoɓi da cikin ido. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Restylane a 2003, sannan Juvéderm a 2006. Akwai kuma waɗanda ba na wannan sinadari ba, irin su Radiesse da Sculptra da Bellafill, ga kuma kitsen da ake zuƙowa daga jikin mutum a mayar masa a fuska. Ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta cewa an yi allurar hayaluronik asid sama da sau miliyan 5 a 2023, ban da abin da ake yi a shagunan kwalliya da ɗakunan otal, wanda ba ya shiga kowane lissafi.

Galibin matsalolin ciko ƙanana ne: kumburi, taruwar jini, ƙulli a ƙarƙashin fata, ko ƙwayar cuta da ta samu mafaka. Waɗannan suna da maganinsu, kuma ɗakin matsi ba ya cikinsa. Wadda ta shafe shi ita ce toshewar jijiyar jini.

Fuska na da jijiyoyi masu yawa da ke haɗe da juna, kuma ba sa bin hanya ɗaya a jikin kowa. Idan bakin allura ya shiga jijiyar da ke kai jini, cikon kan bi ta ya maƙale a ƙananan rassanta, sai yankin fatar da ke dogaro da ita ya rasa oksijin. Alamar farko ita ce zafi da ya wuce na allura, da koɗewar wurin. Daga baya fatar kan yi zane-zane masu duhu kamar raga, bayan kwana biyu ko uku ƙuraje masu ruwa su fito, sannan naman ya yi baƙi ya mutu. Tsinin hanci da gefensa sun fi saurin lalacewa.

Akwai tarko biyu a nan. Yawancin ciko na zuwa gauraye da maganin kashe zafi, saboda haka raɗaɗin da ya kamata ya zama gargaɗi kan makara. Na biyun ya fi shafar baƙar fata: hotunan da aka fi koyar da ɗalibai da su na fararen fata ne, inda koɗewa da shuɗin raga ke fitowa ɓaro-ɓaro. A fata mai duhu sauyin kan zo a ɓoye, sai wanda ya san abin da yake nema, ya danna wurin ya ga jinkirin dawowar jini, ya duba cikin leɓe da dasashi, ya kwatanta ɗumin ɓangarorin fuskar biyu. Ƙurajen kwana na uku kuwa sau da yawa ana ɗaukar su a matsayin ƙwayar cuta, a ba da maganin shafawa a sallami mutum, alhali fatarsa ce ke mutuwa.

Batun ido ya fi wannan muni. Jijiyoyin goshi da na karan hanci rassa ne na babbar jijiyar da ke ciyar da ido. Idan aka danna sirinji da ƙarfi, cikon kan tura jini baya har ya isa mararrabar, da an saki kuma sai jinin ya kwashe shi zuwa cikin idon. Abin da ake buƙata don cika wannan hanya bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba. Wani nazari da likitar fata ta Kanada Katie Beleznay da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya tattaro mutum 98 da ganinsu ya taɓu a duniya, kuma tsakanin gira ne kan gaba, sai hanci. A 2019 sun ƙara wasu 48 da aka ba da rahotonsu cikin ƙasa da shekara huɗu, inda hanci ya karɓe gaba. Kaɗan ne daga cikinsu suka samu ganinsu ya dawo daidai, wasu ma har da shanyewar ɓarin jiki. Tun a Mayun 2015 FDA ta fitar da gargaɗi kan wannan haɗari, ta kuma nemi kamfanoni su rubuta shi a takardar kayansu.

Game da yawan aukuwar toshewar, wani bincike da mujallar JAMA Dermatology ta buga a 2021, wanda ya tambayi likitocin fata 370 a Amurka, ya samu toshewa ɗaya cikin sirinji 6,410 idan an yi amfani da allura mai tsini, da ɗaya cikin 40,882 idan an yi da kanula, wato siririn bututu mai dakusasshen baki. Sai dai waɗannan alƙaluma na ƙwararru ne da suka shafe shekaru suna karatun fuska. Ba su ne ma'aunin wanda ya yi kwas na kwana biyu ya sayi kayansa ta intanet ba.

Abin da ke zuwa kafin ɗakin matsi

Maganin farko na toshewar hayaluronik asid allura ce ta hayaluronides, sinadarin da ke narkar da cikon. Yana iya ratsa bangon jijiya, don haka ba sai an sake nemo jijiyar ba, ana jiƙa dukkan yankin da shi ne. A 2017 likitan fiɗa na Kanada Claudio DeLorenzi ya wallafa tsarin da ya yaɗu a yau: a zuba shi da yawa, a maimaita kusan kowace sa'a, har jini ya dawo. Ana haɗawa da gashi da ruwan ɗumi, tausa, da asfirin. Idan aka fara da wuri, mafi yawan masu toshewar fata kan warke ba tare da sun ga ƙofar ɗakin matsi ba.

Ana tunanin ɗakin ne a yanayi uku: idan an makara har fata ta fara mutuwa, idan an narkar da cikon amma jinin bai dawo yadda ake so ba, ko idan cikon ba irin mai narkewa ba ne. Hayaluronides ba ya narkar da Radiesse, ko kitse, ko ruwan silikon da FDA ta yi gargaɗi a kansa a 2017 amma har yau ake ɗura wa mutane a ɓoye. A nan likita kan rasa babban makaminsa, sai ya koma ga duk abin da zai tsawaita ran naman.

Yadda matsi ke cusa oksijin cikin jini

A iskar da ake shaƙa kullum, oksijin kashi 21 ne cikin ɗari. Kusan dukkan wanda ke shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗauke da shi, kuma a jikin mai lafiya sun riga sun cika, kamar motar haya da ta gama lodi a tasha. Ko an ƙara oksijin, babu sauran kujera. Abin da ya rage shi ne ruwan jinin kansa, wanda ke narkar da ɗan kaɗan, kimanin mililita 0.3 a kowace mililita 100.

Matsi ne ke sauya wannan lissafi. Iska na narkewa cikin ruwa gwargwadon ƙarfin da aka danna ta da shi, dalilin da ya sa lemon kwalba ke riƙe iskarsa har sai an buɗe murfi ke nan. Idan mutum ya shaƙi tsantsar oksijin a matsin da ya ninka na sararin duniya sau uku, abin da ruwan jininsa ke ɗauka kan kai kusan mililita 6, wato daidai da abin da jiki ke cirewa daga jini a lokacin hutu. Likitan fiɗa na Amsterdam Ite Boerema ya nuna haka a aikace: a rahotonsa na 1960, aladun da aka zuƙe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jininsu sun ci gaba da rayuwa a cikin ɗakin matsi da oksijin ɗin da ke ruwan jini kaɗai.

Amfanin wannan ga fuskar da jijiyarta ta toshe yana da sauƙin fahimta. A ɗauka unguwa ce babban bututun ruwanta ya toshe. 'Yan garuwa za su iya shigo da ruwa daga maƙwabtan unguwanni ta lungunan da mota ba ta shiga, jama'a su sha su yi girki. Haka ruwan jini mai ɗauke da oksijin ke ratsa ƙananan hanyoyin da suka ƙuntata, kuma oksijin ɗin ke tafiya cikin nama nisan da ya ninka na da sau uku zuwa huɗu daga lafiyayyun jijiyoyin da ke gefe. Amma bututun na nan a toshe, kuma da an fito daga ɗakin, ƙarin kan zagwanye cikin ɗan lokaci.

Akwai wasu fa'idojin. Yawan oksijin na tsuke lafiyayyun jijiyoyi kaɗan, abin da ke rage kumburi ba tare da naman ya rasa rabonsa ba. Fararen ƙwayoyin jini na buƙatar oksijin don kashe ƙwayoyin cuta, haka ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama. Maimaita zaman na kuma taimaka wa tsirowar sababbin ƙananan jijiyoyi, wanda shi ne gyara na dindindin. Abin da oksijin ba ya yi shi ne raya naman da ya riga ya mutu. Yaƙin duka a kan yankin da ke tsakanin rai da mutuwa ake yin sa.

Ɗakin iri biyu ne. Akwai na mutum ɗaya, dogon bututu mai bango garai-garai da ake cika shi da oksijin, akwai kuma babba na ƙarfe da mutane da dama ke zama ciki tare da ma'aikacin jinya, kowa na shaƙa ta takunkumi ko hular roba. A matsalar ciko an fi amfani da matsi ninki biyu zuwa biyu da rabi, daidai da nutsewa mita 10 zuwa 15 a teku, na kimanin minti 90, sau biyu a rana da farko, daga baya sau ɗaya. Wasu zama kaɗan ke isar su, wasu sai sun yi gommai.

Na'urar sananniya ce a wurin masu nutso. 'Yan Najeriya da dama sun fara jin labarinta a 2013, lokacin da jirgin Jascon-4 ya kife a gaɓar tekun Neja Delta, aka ciro mai dafa abincinsa da rai bayan kimanin sa'a 60 a zurfin mita 30, aka kuma ajiye shi a ɗakin matsi ana sassauta masa a hankali kafin ya fito sarari. Tarihin amfani da ita a likitanci kuwa cike yake da zuzutawa. A 1928 wani likitan Amurka, Orval Cunningham, ya gina katafaren ƙwallon ƙarfe mai hawa biyar a Cleveland yana iƙirarin warkar da ciwon suga da sankara da matsin iska. Bai kawo hujja ba, ginin kuma ya ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe.

Ina hujjar take

A yau FDA da ƙungiyar likitocin nutso da matsi, UHMS, wadda aka kafa a 1967, suna da jerin cututtuka sama da goma da suka amince a yi wa wannan jinya. A ciki akwai ciwon masu nutso, gubar hayaƙi irin ta janareta da gawayi a rufaffen ɗaki, gyambon ƙafar masu ciwon suga, raunin murƙushewa, dashen fatar da ke neman mutuwa, da makantar farat ɗaya sakamakon toshewar jijiyar ido. Matsalar ciko ba ta cikin jerin da sunanta. Likitoci na shigar da ita ne ta ƙiyasi, tunda ita ma yankewar jini ce kwatsam.

Ƙiyasin na da ma'ana, amma hujjar da ke bayansa siririya ce. Abin da aka wallafa rahotanni ne na mutum ɗaya, biyu, ko rukuni ƙarami, da yawansu daga Amurka da Sin da Koriya ta Kudu. Babu babban gwajin da ya raba majinyata gida biyu ya kwatanta. Kusan kowane majinyaci a rahotannin ya samu hayaluronides da asfirin da maganin ƙwayoyin cuta a lokaci guda, don haka da wuya a ware rabon ɗakin matsi a warkewarsa. Fuska kuma wuri ne mai yalwar jini da ke gyara kansa fiye da yawancin sassan jiki. Ga kuma halin ɗan Adam: likitan da majinyacinsa ya warke shi ke zama ya rubuta rahoto, wanda nasa ya rasa tsinin hanci ba ya gaggawar ɗaukar alƙalami. Ba a kuma sa ran samun babban gwaji nan kusa, saboda matsalar ba ta da yawa, kuma ba kowa zai yarda a hana shi wata jinya don bincike ba alhali fuskarsa na baƙi.

A ɓangaren ido, fatan ya fi ƙanƙanta. Gwaje-gwajen Sohan Hayreh a kan birai sun nuna cewa tantanin gani na bayan ido na fara lalacewar da ba ta gyaruwa bayan kimanin minti 100 babu jini, bayan sa'a huɗu kuma ɓarnar ta game. Wannan tantani na cin abinci ta hanya biyu, jijiyar tsakiya da shimfiɗar jijiyoyin da ke bayansa. Dabarar ɗakin matsi ita ce shimfiɗar bayan ta ciyar da tantanin gaba ɗaya har jijiyar tsakiya ta buɗe. Matsalar ita ce ciko kan toshe babbar jijiyar da duka biyun ke sha daga gare ta. Idan maƙwabtan unguwannin ma babu ruwa, 'yan garuwa ba su da inda za su ɗebo. Duk da haka likitocin ido kan gwada idan ɗakin na kusa, don abin da za a rasa bai kai abin da ake nema ba.

Ɗakin ma na da nasa haɗarin

Wanda ya fi yawa shi ne ciwon kunne, domin matsin na danna dodon kunne kamar yadda ake ji idan jirgin sama na sauka, har ya kan fashe shi. Zama da yawa na iya kawo dishi-dishin gani na wucin gadi. Oksijin mai yawa guba ne ga ƙwaƙwalwa, abin da masanin Faransa Paul Bert ya bayyana tun 1878, kuma yakan jawo jijjiga jefi-jefi, shi ya sa ake katse zaman da 'yan mintocin shaƙar iskar yau da kullum. Sugan masu ciwon suga kan faɗi. Wanda iska ta taru masa tsakanin huhu da bangon ƙirji ba a saka shi sam sai an fitar da ita.

Sai gobara. A cikin tsantsar oksijin, tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake shiga da tufafin auduga da asibiti ya bayar, babu waya, babu turare, babu man shafawa ko man kitso ko gashin kanti. A ranar 31 ga Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu lokacin da ɗakin matsi ya kama da wuta a wata cibiya a garin Troy na jihar Michigan, inda ake yi masa jinyar larurorin da ba sa cikin jerin da aka amince da su. An gurfanar da shugabannin cibiyar a kotu.

Akwai kuma jakunkunan roba masu zif da wasu wuraren gyaran jiki ke kira ɗakin oksijin. Matsinsu bai kai mafi ƙarancin da UHMS ke ɗauka a matsayin jinya ba, kuma FDA ta amince da su ne kawai don ciwon hawan tsaunuka. Mai toshewar jijiya da ya kwana a irin wannan jaka ya yi asarar daren da hayaluronides zai iya ceton fatarsa.

Wa ke riƙe da sirinjin

Ɗakin matsi na gaske na buƙatar wutar lantarki marar yankewa, tsantsar oksijin mai yawa, da ma'aikatan da aka horar. A Amurka zama ɗaya na cin ɗaruruwan daloli. A nahiyar Afirka kuwa oksijin ɗin ma shi ne matsalar: kwamitin da mujallar Lancet Global Health ta kafa ya ba da rahoto a 2025 cewa a ƙasashen kudu da Sahara kusan mutum tara cikin goma da ke buƙatar oksijin a asibiti ba sa samu. Ciko kuwa na shiga jaka, ya bi jirgi, ya isa kowane gari da ke da Instagram. Haɗarin ya riga maganinsa isowa nesa ba kusa ba.

A Najeriya alhakin a rarrabe yake. NAFDAC ce ke rajistar magunguna da kayan aikin likita. Majalisar likitoci, MDCN, na ladabtar da waɗanda ke cikin rajistarta ne, mai shagon kwalliya ba ya ƙarƙashinta. Wuraren jinya masu zaman kansu kuma na hannun hukumomin jihohi, irin su HEFAMAA a Legas da PHIMA a Kano. Wanda ke yin allura a falon gidansa na iya zamewa ta tsakanin dukkansu.

Ba ƙasashe masu tasowa kaɗai ke da wannan giɓi ba. A Birtaniya, rahoton da Bruce Keogh ya jagoranta a 2013 ya yi gargaɗin cewa harkar ciko ba ta da wani tsaro na kirki ga mai saye. Sai a Oktoban 2021 Ingila ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18, dokar 2022 kuma ta ba gwamnati ikon kafa tsarin lasisi, wanda aka shafe shekaru ana tuntuɓa a kansa. A tsawon wannan lokaci ciko na cikin rukunin kayan aiki da ba sa buƙatar takardar likita, hayaluronides kuwa magani ne da sai mai ikon rubuta magani ya rubuta. Ma'ana, doka ta ƙyale mai shagon kwalliya ya soka allurar da kan toshe jijiya, amma idan ta toshe, sai ya ɗauki waya ya nemo wanda zai rubuta masa abin narkar da ita.